Yadda Na Zaɓi Aku Kamar Mai Sayen Rago

Tun da na dawo daga kudu mutane ba su bar ni na huta ba. In na je Nguru gaida iyaye, abokai su tare ni a bakin tasha: "Sale, wai da gaske har Kamaru kuka shiga?" In na dawo Gashua, maƙwabtan rumfa su ce in nuna musu babban yatsana. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa yana ƙara wa labarin gishiri. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru. A firamare karatuna ya tsaya, a yi haƙuri da rubutun. Inda na yi wauta kuma ba zan ɓoye ba.

Habu taubashina ne, ɗan gwaggona da aka aurar a Gashua. A wasan taubasai ni ɗan namiji ni ne maigida, shi ɗan mace shi ne bawa. Ni a Nguru aka haife ni, kakanmu daga Haɗeja ya zo da fatauci. Shi kuwa a bakin kogi ya tashi, cikin dangin ubansa Badawa, manoma da masunta. Yanzu rumfunanmu suna kallon juna a layin 'yan tattasai na kasuwar Gashua, kuma mota ɗaya muke haɗawa in za a kai kaya nesa.

Wani rani Habu ya tsinci 'yar tsirya da ta faɗo daga kogon bishiya a gonarsu. Ya rene ta da gyaɗar da yake taunawa ya ba ta a baki. Ta girma, koriya shar, mai jan baki da dogon wutsiya. In aka cire wutsiyar, jikin bai cika tafin hannu ba. Amma ta iya sallama, ta iya fito, kuma in mai shayi ya gifta sai ta ce, "Habu, shayi!" da 'yar siririyar muryarta. Shi ke nan mutane suka koma rumfarsa. Wanda ya tsaya kallon tsuntsuwa, kafin ya tafi sai ya ce a auna masa tattasai. Har waɗanda suka daɗe suna saye a wurina sai in hango ƙeyarsu a can. Ina zaune ina kora ƙuda, ina jin dariyarsu.

Rannan na kasa daurewa. Na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, "Wannan abin da bai kai loma ɗaya ba kuke taruwa a kai? Ku bari in je kudu. Zan kawo muku aku na gaske, wanda in ya buɗe baki wannan za ta nemi rami."

Habu ya ce, "Maigida, in ka kawo shi ni zan riƙa ɗebo masa ruwa."

Na ce, "Da ma aikin bawa ne."

Aka yi dariya. Amma ni ba wasa nake yi ba, kuma kowa ya ji na faɗa.

Da damina ta kusa faɗuwa muka sami labarin tattasai ya yi daraja a Ikom, can kusa da iyakar Kamaru. Muka loda babbar mota da busasshen tattasai da barkono, muka ƙara da bandar kifi daga Nguru. Direbanmu wani Babarbare ne, Bukar. Habu ya zauna a tsakiya kusa da shi, ni a bakin ƙofa, ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da igiya. Ni da aka haifa a Nguru ban iya Barbarci ba sai gaisuwa da zagi, Habu kuwa yana zuba shi kamar a Gaidam aka yanke masa cibiya. Tun kafin mu kai Jakusko sun zama aminai. Su yi magana su kwashe da dariya, ni ina riƙe da igiya, ina tsammanin da ni suke.

A Jakusko muka tarar da wata akori-kura ta karye a tsakiyar hanya, da awaki da mutane a bayanta, sai da muka sauka aka tura ta gefe. A Potiskum muka shiga layin mai, don shekarar wahalar mai ce. Muka wuce Gombe, muka haye gadar Numan. Nan na fara ganin Binuwai. Na tashi ina jin kogin Gashua shi ne kogi, sai ga ruwan da mutumin da ke tsallake yake zama kamar tururuwa. Na ce, "Habu, kogin naku ashe kwata ce." Ya ce, "Kwatar ce ta ba ka kifin da za ka sayar."

Daga Wukari ƙasa ta fara canjawa. Doya tsibi-tsibi a bakin titi, mata ne ke saye, mata ne ke sayarwa, mata ne ke dako. Bayan Katsina-Ala sama ta rufe, aka tsuge da ruwa irin wanda ban taɓa gani ba. Tamfol ɗin motar yana da huji guda, kuma a kan buhunana hujin yake. Na Habu ko ɗigo bai taɓa su ba. Da ruwan ya tsaya na hau ina juya buhuna, ƙaurin barkono ya shiga mini hanci, na yi ta atishawa har hawaye. Bukar ya leƙo ya ce, "Yarhamukallahu, na biya har na gobe." Na tuna a lokacin na ce a raina, har ruwan sama ya san wanda yake so. Astagfirullah.

A Ikom muka sauka wurin fatomanmu, wato mai masaukin da ke saukar da fatake ya nema musu masu saye. Sunansa Alhaji Isa, Bakano ne da ya daɗe a can har ya auri 'yar garin. Ɗakin da ya ba mu yana warin danshi. Na wanke rigata na shanya, har muka bar garin ba ta bushe ba. Aka kawo mana teba da miyar ganye, manja yana yawo a kai. Na kai loma na ji wani abu ya yi ƙara a haƙorina, na fito da shi, ashe 'yar katantanwa ce da ɓawonta. Na ajiye hannu. Habu ya kalli yadda Alhaji Isa yake yi, ya ɗauki ɗaya ya zuƙe, ya ce, "Kai, wannan ai tsokar ruwa ce." Matar gidan ta ji daɗi ta ƙara masa miya. Ni da gasasshiyar agada na rayu a garin nan.

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Na ga kabari a ƙofar gida, an shafe shi da siminti, mutane suna zaune a gefensa suna hira. Mu da muke kai namu bayan gari mu dawo muna waige. Na ga goro a kan bishiyarsa, cikin ƙwanso kamar ƙaramar gwanda, ni da na tashi ina ganinsa a huhu kawai. Matan kasuwarsu kuwa, in mace ta taya kaya ta kafe, ko dillalin shanu bai kai ta ba. Buhunan da suka jiƙe sai da na yi haƙuri da abin da aka ba ni.

A gidan Alhaji Isa na fara ganin aku ido da ido. Ina alwala a tsakar gida na ji Alhaji ya yi tari a bayana ya ce, "Ladi, kawo buta." Na juya in gaishe shi, babu kowa. Matar ta fito da buta a hannu, ta duba, ta yi tsaki, ta ɗaga wa wani keji tsintsiya. Tsuntsu ne a ciki, toka-toka, mai jar wutsiya, ya fi tantabara girma. Na tsaya baki buɗe. Tsiryar Habu in ta yi magana ka san tsuntsu ne yake kwaikwayo. Wannan kuwa muryar mutumin ce gaba ɗaya, har da kakin tarin. Ya yi hon ɗin mota, ya yi kukan ƙyauren gidan, ya yi dariyar Ladi. Aka ba shi kwakwar manja, ya riƙe da ƙafa ɗaya kamar mai riƙe da mangwaro, ya feɗe ta tas. Alhaji ya miƙa masa wani guntun katako, ya tsaga shi sili-sili.

Na kalli Habu na ce, "Ka ga tsuntsu."

Ya ce, "Wallahi na gani. Wannan ya fi tawa komai, sai dai gudu. In a sama ne, tawa za ta je Nguru ta dawo bai gama gyara fiffike ba."

Ya faɗa da zuciya ɗaya, yana murmushi. Wannan ma ya ba ni haushi. Na so in ga fuskarsa ta canja.

Da muka gama sayar da kaya, Alhaji Isa ya ce zai raka mu tsallaken iyaka, wani ƙauye inda yake sayen goro, akwai mai sayar da aku a can. Iyakar gada ce a kan wani kogi mai zurfi, daji ya rufe shi ta ko'ina. Jami'an ɓangaren can suka yi mana tambayoyi, Alhaji ya amsa, muka wuce. Kuɗinsu daban, burodinsu dogo kamar sanda, mai tauri, in ka gatsa sai dasashi ya yi zafi. Kafin mu bar bakin gadar Habu ya koyi gaisuwarsu yana raba wa kowa.

Mai sayar da akun wata dattijuwa ce, 'ya'yanta ne suke kamowa. Ta kai mu bayan gida inda kwanduna suke jere a inuwar ayaba. Ba ma jin yaren juna, Alhaji Isa ne yake fassara. Da ta ji mai magana nake so, ta buɗe wani ƙaramin kwando ta fito da wani abu a tafin hannunta. Ƙarami, gashinsa a hargitse, wutsiyar ko ja ba ta gama yi ba, idonsa baƙi wuluk, yana ta kaɗa kai yana ƙiƙi. Na ce, "Alhaji, ka ce mata ban zo daga Gashua don in sayi mara lafiya ba."

Na bi kwandunan da kaina. Ni ɗan kasuwa ne, kuma duk shekara ni ake aika in zaɓo wa gidanmu ragon layya. Na san abin da ake dubawa: girma, faɗin ƙirji, tsayuwa, hasken ido. A kwandon ƙarshe na gan shi. Ya fi na Alhaji Isa girma nesa ba kusa ba, gashinsa a kwance luf, wutsiya ja kamar tattasai, idonsa fari tas mai ruwan ɗorawa. Na ga rumfata cike da mutane. Na zura hannu in taɓa ƙirjinsa in ji tsoka, yadda ake yi wa rago.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Ya kama babban yatsana ya datse, na ji bakinsa a kan ƙashi. Tsiryar Habu ta sha cizona, iyakarta ta bar maka ɗan ja kamar an mintsine ka. Wannan sai da dattijuwar ta jefa masa tsumma a kai ta matse gefen bakinsa kafin ya saki. Jini ya wanke mini hannun riga. Ta murza wani ganye ta ɗaure mini tana ta faɗa da yarenta.

Alhaji Isa ya ce, "Ta ce wannan babba ne, da danƙo aka kama shi a kan bishiyar kwakwa, cikin garkensu. Farin idon da kake gani alamar shekaru ce. Ta ce ba zai yi magana ba. Mai baƙin idon nan shi ne jariri, shi ne ke koyo. Nawa ma haka na same shi."

Ina riƙe da yatsa na ce, "Mai kaya kullum ramammen take so ta fara rabuwa da shi."

Sai Habu ya matso. Bai ce maigida ba, bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya Sale, don Allah ka ɗauki ƙaramin. Tawa ma ba don ina da wata dabara ta yi magana ba, don tun tana tsirara take hannuna. Wannan ya riga ya san daji."

Da ya yi mini tsiya ne, da wataƙila na ji. Amma da na ga ya kwantar da murya, sai zuciyata ta ce, ka gani, tsoro ya kama shi. So yake ka koma da abin da bai fi tasa ba, a yi maka dariya a layi. Na ce, "Na gode da shawara. Babban nake so."

Dattijuwar ta kalli Alhaji, ta kalle ni, ta ɗaga kafaɗa.

A bakin gada wani jami'i ya ce in buɗe kwandon ya gani. Na ɗaga tsumman kaɗan, tsuntsun ya yi wani gurnani kamar kare, jami'in ya ja da baya ya ce in rufe. Gurnanin nan shi muka yi ta ji a hanya. Kafin mu kai Wukari ya cinye gefen kwandon ya fito da kai, sai da na sa mai walda ya haɗa mini keji na ƙarfe. Na ɗora shi a cinya, hannu ɗaya a igiyar ƙofa, ɗayan a naɗe. Bukar ya ce, "Sale, in ya ci sitiyari kai za ka tura mu." Na sayo kwakwar manja a Ikom, da farko yana ɗan taɓawa in na kau da kai. Muna yin arewa ta fara ruɓewa, na zubar. Na ba shi gero, na ba shi gyaɗa, na ba shi dabino, bai kalla ba. A Potiskum zafi ya sa ya buɗe baki ya saki fukafukai. Habu ya jiƙa rawaninsa ya rufa wa kejin.

Ranar da na kai shi rumfa na sami abin da nake so. Layin ya cika har ba hanyar wucewa. Ana ta cewa, "Kai! Wannan ai shaho ne." Na zauna na harɗe ƙafa, ina satar kallon rumfar Habu, babu kowa sai shi. Wani ya ce, "To, ya yi magana mana." Na ce ya gaji da hanya. Aka yi masa sallama, aka yi masa fito, aka kira shi da sunaye. Ya maƙale a ƙuryar keji yana gurnani. Can da aka yi shiru ana jira, sai tsiryar ta yi sallama daga tsallake. Mutane suka amsa mata gaba ɗaya, suka fashe da dariya, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Rashin maganar bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Tsuntsun ya ƙi ci. Ruwa kawai yake ɗan sha. Ya fara fizge gashin ƙirjinsa, har ƙashin ya fito kamar wuƙa. Habu ya tsallako ya tsuguna ya dube shi ya ce, "Ka kawo shi kusa da tawa. Irin waɗannan a garke suke ci. Ka duba tsiryoyi in sun sauka a gonar dawa, ba ka taɓa ganin ɗaya ita kaɗai. In ya ga wata tana ci, wataƙila ya ci."

Na ce, "Wato in kawo maka shi rumfarka, ka haɗa biyu."

Ya ce, "To ka karɓi tawa ka ajiye a nan."

Wannan ya fi ƙona mini rai. A ce Sale ya je har Kamaru ya dawo yana aron tsiryar Habu. Na ce ba na so.

Na mayar da shi gida. Matata Hajara ta gwada kunu, ta gwada gwanda, ta gaji. Wata safiya muka tarar da shi a ƙasan keji, ya kasa hawa sandarsa, idon nan da na yi alfahari da shi a lumshe. Na kai hannu, ko gurnani bai iya ba. Hajara ta ce, "Malam, wannan ba ciwo ne zai kashe shi ba, yunwa ce, kuma kai ka kulle shi. In an tambaye ka gobe ƙiyama, Habu za ka ce?"

Ranar kasuwa ce. Na so in bari sai yamma in mutane sun ragu, na sake duban tsuntsun na ga ba zai kai ba. Na ɗauki kejin na ratsa kasuwa da shi, na wuce rumfata, na tsaya a gaban ta Habu. Duk layin yana kallo. Wani ya fara cewa, "A'a, maigida ne da kansa ya..." Habu ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya karɓi kejin ya rataye shi dab da na tsiryar, ya zuba gyaɗa a duka biyun, ya ce kowa ya ja baya.

Tsiryar ta leƙo ta kalli ƙaton baƙon nan da ya ninka ta sau nawa, ta yi 'yar ƙara, ta koma kan gyaɗarta. Tana ɓarewa, ɓawo yana zuba. Muka daɗe a tsaye. Akun ya buɗe ido ɗaya. Ya ja jiki zuwa gefen da take. Ya daɗe yana kallon bakinta, sannan ya sunkuya ya ɗauki gyaɗa guda, ta faɗi, ya sake ɗauka. Da na ji ƙarar fashewar ɓawon nan, sai na zauna a kan buhun Habu.

Ya warke. Gashin ƙirjin ya fito, ƙarfinsa ya dawo, har ya lanƙwasa ƙarfen da ake rufe kejin da shi. Da na ga haka na mayar da shi rumfata, tsallaken layi kawai, yana hango tsiryar. Ya juya wa abinci baya. Na mayar da shi rumfar Habu. Har yau bai ce uffan ba, kuma har yau in na kai hannu sai ya nemi yatsan. Kullum da safe ni nake kai masa gyaɗa da gwanda, in wanke kejin, in tsallako in zauna. Mutanen da ke taruwa wurin Habu sun ninka, don yanzu babba da ƙarama ake zuwa kallo, ana gardamar wanda ya fi. Ina roƙon Allah ya cire mini abin da nake ji in na hango su. Ya ragu, amma ban ce ya fita ba.

Kasuwar da ta wuce wani mai sayar da shanu daga Kumagannam ya daɗe a gaban kejin, sannan ya ce, "Mai tsuntsaye, wannan ƙaton na sayarwa ne?"

Habu ya nuno ni ya ce, "Ba nawa ba ne. Ga mai shi can."

Mutumin ya juyo ya ce, "Malam, naka ne?"

Na ce, "Nawa ne. Ba na sayarwa ba ne."

Ya ce, "To me yake yi a rumfar wani?"

Na ce, "A can yake iya cin abinci."

Ya gyaɗa kai, ya juya, ya ce wa Habu ya auna masa tattasai.